Indararon Gidan Kaka

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata aka cire indararo na farko. Na duba agogon hannuna a lokacin, ina zaune a zaure ina bitar karatun jarrabawa.

Shekarun aikin dam ɗin Bakolori ne, Mafara ta cika da baƙi masu neman haya. Baba ya sayi kason 'yan'uwansa a gidan marigayi Kaka don ya gyara ya zuba 'yan haya. Ya sallami tsohon maginin da ke yi mana yaɓe duk shekara, ya ɗauko wani ɗan kwangila da ya taɓa kwaɓa siminti a wurin dam. Ɗaki ɗaya ne ba a kwashe ba, wanda littattafan Kaka suke ciki, rubutun hannunsa, gafaka goma sha ɗaya. Ni ce mai kakkaɓe su duk Juma'a.

Ɗan kwangilar ya ce indararo ƙauyanci ne. Ya cire duka huɗun, ya toshe gurabensu, ya shafe soron ƙasa da siminti har ya yi sumul.

Kwana biyu ina tattara ƙarfin hali kafin na ce, “Baba, ta ina ruwa zai sauka?”

Mutumin ya riga shi amsawa, yana dariya. “Malama ƙarama, a wane littahi kika karanta gini? Alhaji, ɗiyar nan taka injiniya ce.”

Baba ya ce in shiga gida.

Ruwan Agusta ya taru a kan soron kamar tafki. Simintin ya tsage, ƙasa ta sha, azara ta karye ana sallar la'asar, rufin ya rufto a ɗakin littattafan. Da hannu na tono gafakun. Tawadar ta narke, takardun sun manne kamar danƙo. Uku kawai suka tsira.

Baba ya ce ƙaddara ce. Ban musa ba, amma ƙaddara ba ta riƙe cebur.

Bayan sati biyu ɗan kwangilar ya dawo ɗaukar kwanon kwaɓinsa. Na tare shi a ƙofar zaure, na tambaye shi ko bai san ruwa zai kwanta ba.

Bai yi dariya ba wannan karon.

“Na sani, ɗiyata. Na kuma faɗa wa Alhaji. Ce mini ya yi gidan ya yi kyau kafin mai haya ya zo gani, maganar damina sai ta zo.”