Sufana a Hannun Keziah

Duk wanda ya san Keziah Ormerod a garinmu na Lancashire, a Ingila, ya san ba ta da daɗin baki, kuma ni ban ga laifinta ba. Tana 'yar shekara goma aka kai ta masaƙar auduga, tun ranar take tsotso zare ta idon ƙoshiyar saƙa kamar kowace masaƙiya. Kafin ta kai arba'in haƙoran gaba sun zube, ƙarar injuna ta cinye mata kunne guda. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rhoda, da gidan haya mai ɗaki biyu. Abin da ke riƙe da gidan nan injin saƙa huɗu ne da take tsaye a tsakaninsu tun shida na safe. Huɗu ne iyakar abin da ake ba mace a masaƙarmu, ita kuwa sai da ta yi shekara goma sha biyar kafin ta same su.

Akwai wata doka a masaƙa da ba a taɓa rubutawa ba: mace ba ta taɓa sufana. Saƙa dai ki yi ta yi har ƙashinki ya lanƙwashe, amma in inji ya tsaya, sai ki naɗe hannu ki jira mai gyara. Namiji ne kullum, shi ke kula da layin injuna, kuma tunda gwargwadon ƙyallen da kika saƙa ake biyanki, in ya ga dama sai ya bar ki da yunwa bai ce miki uffan ba. Mai gyaran layin Keziah shi ne Enoch Pilling, wani guntun mutum mai gashin baki, mai yawo da sufana a aljihun gaba don kowa ya gani.

A shekarar 1900 wasu mata suka zo gari da takardar koke zuwa majalisa, mata masu aikin auduga kaɗai ke sa hannu, wai a bar mata su ma su jefa ƙuri'a. Keziah ta je taron ne kawai don ta ga hulunansu ta yi dariya. Sai ɗayarsu ta tambayi masaƙan ko mai gyaran layinsu yana zaɓe. Keziah ta tuna Enoch, wanda ko jarida sai ya bi da yatsa yake karantawa. Ta miƙe ta karɓi takarda guda, ta cusa a aljihu.

Cikin mako ɗaya ta tara suna arba'in da ɗaya. Ran Asabar Enoch ya tare ta a bakin ƙofa.

"Uwar 'yan ƙuri'a! An ce majalisa za ki. Da waɗanne haƙoran za ki yi musu jawabi?"

"Da waɗanda masaƙar nan ta bar min. Matsa in wuce."

"Ba ni takardar in ga su wa suka haukace a layina."

"Ka iya karatu ne? Kai dai je ka shafa wa injinka mai."

Matan da ke kusa suka tuntsire da dariya, wannan dariyar kuwa ita ta ja mata.

Ran Litinin injinta ɗaya ya tsaya. Ba wani abu ba ne, noti ne ya kwance a sandar da ke harba ƙoshiya. Ta ɗaga hannu. Enoch ya dube ta ido cikin ido, ya wuce. Talata na biyu ya tsaya, Laraba na uku, kuma kowa ya san inji ba ya kwance kansa cikin dare uku a jere. Ta rage da ɗaya tak, tana kallon ukun nan a mace.

Da hutun rana matan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Dorcas, wadda suka yi shekara ashirin suna saƙa kafaɗa da kafaɗa, ita ce ta farko.

"Keziah, goge min sunana. 'Ya'ya biyar gare ni."

"Ni na matsa miki hannu kika sa?"

"Ke dai goge. Kin ja mana masifa muna zaman zamanmu."

Rhoda ma, da ke saƙa a layi na gaba, ta zo tana huci. Ita dama ba ta sa hannu ba.

"Inna, don Allah ki ba shi takardar nan mu huta! Ƙuri'a za mu dafa mu ci? Kowa na nuna ni da baki."

"Ba zan ba shi sunan kowa ba. In kunya nake ba ki, koma layinki."

Ran Alhamis Enoch ya zo, ya tsaya gaban injin da ya fara mutuwa, ya zaro sufanarsa ya ajiye a kai a hankali, sannan ya tafi shan shayi. Tarko ne, jariri ma ya gane. Keziah ta gane sarai. Amma shekara talatin tana kallon yadda ake ɗaure notin nan, ga ƙyalle uku rabi da rabi, ga ranar biya gobe. Ta dubi sufanar, ta dubi ƙofa, ta ce a ranta Allah wadaran wannan rayuwa. Ta ɗauka.

Ko minti goma sha biyar ba ta yi ba duka ukun suka tashi, kuma na rantse sun fi yadda Enoch ke barinsu laushin tafiya. Wannan ne ma ya fi ƙona musu rai. Masu gyara tara na masaƙar suka ajiye kayan aiki, suka ɗunguma ofishin manaja: ko ita ko su. Ina manajan da zai zaɓi gwauruwa mai giɓi ya bar maza tara? Kafin la'asar an raba injunanta huɗu ga wasu.

Enoch ya raka ta har ƙofa yana murmushi.

"Sai mun gan ki a majalisa, ranki ya daɗe."

"Tir da kai, Enoch. Aikin da kake wa kumbura, na minti goma sha biyar ne."

Ba masaƙar da ta ƙara ɗaukarta. Abin takaici, ba maganar ƙuri'a ake yi ba, wannan an manta da ita cikin wata guda. Sunanta ya koma matar da ta taɓa sufana. Har mata cewa suke rawar kai ce ta kashe ta, wa ya aike ta? Ita kuwa ta aika takardar da suna ashirin da tara da suka rage, ta koma wankau. Ta yi shekara biyu tana fama, gidan ya gagare ta, ta sayar da gado da tebur. Lokacin Rhoda ta yi aure, sai aka ba Keziah wani lungu kusa da murhu a gidan mijin. Nan ta zauna shekara da shekaru tana reno, tana faɗa da suruki, shi ma bai taɓa raga mata ba.

A 1918 aka ce an ba mata ƙuri'a, waɗanda suka haura talatin. Keziah ta ɗaura mayafinta na zuwa coci ta tafi wurin rajista, ƙafa na ciwo. Akawun ko ɗaga kai bai yi ba.

"Gidan da kike, naki ne ko na mijinki?"

"Na surukina ne. Mijina ya rasu."

"Kina da ɗaki naki, da kayanki a ciki?"

"A da ina da shi. Na yi shekara talatin ina..."

"Iya, masu gida da matan masu gida doka ta ce. Na bayanki ya matso."

Ranar zaɓe, cikin sanyin Disamba, Rhoda ta sa sabuwar hula, mijinta na jiranta a waje. Matar mai gida ce, shekararta talatin da biyar, sunanta na cikin rajista. Ta tsaya a ƙofa tana gyara safar hannu, ta kasa haɗa ido da uwarta.

"Inna, ba za mu daɗe ba. Ki dubi tukunya kar dankalin ya ƙone."

Keziah na zaune ta ji ƙauri ya fara tashi, ba ta motsa ba har hayaƙi ya cika ɗakin.