Izu Sittin Domin Gafaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Afrilun 2012, nakiya ta tashi da ɗan yayata, Gafaru, sojan Birtaniya, a wata gona a lardin Helmand na Afganistan. Shekarunsa ashirin da shida. Ina tsakiyar loda akwatuna a filin jirgin JFK na New York aka kira ni, na hau jirgin ruwa zuwa Port Richmond na faɗa wa uwarsa, Yaya Damata.

Gafaru, tun daga Zangon Kumasi ba ka iya zama a baya ba, a soja ma aikinka shiga gaba ne. Kana riƙe da na'urar neman nakiya, 'yan'uwanka na biye, kowa na sa ƙafa a sawunka. Ka taɓa ce min, "Kawu, in na yi kuskure, ni kaɗai zan ji a jikina." Haka kuwa aka yi. Cikin mutum goma sha biyu da ke bayanka, babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

Bara da ka zo mana hutu, kai ka gyara hitar ɗumama masallacinmu da ta shekara tana tari. Kai ka goya Alhaji Sulaimanu, shugaban ƙungiyarmu, har hawa na huɗu ranar da aka sallame shi daga asibiti, aka tarar lif ta lalace. Da ya warke ya matsa sai ka sa kaki an ɗauke ku hoto, ya kafa shi a shagonsa, duk wanda ya shigo sai ya ji "ɗanmu ne."

A Ingila aka binne ka. Uwarka ba ta je ba, domin in ta fita ƙasar nan babu takardar da za ta dawo da ita. Ba ta ga gawarka ba, ba ta ga kabarinka ba. Abu ɗaya ta roƙa: ranar bakwai a taru a sauke maka Alƙur'ani, yadda ake yi wa kowa. Mutum talatin, kowa izu biyu, kafin shinkafa ta huce an gama.

Na je shagon Alhaji. Hoton ya sauka, sai ƙusa. Ya ce, "Malam Idrissa, kwamitin masallaci ya yi mitin. Ba ma sauka ga wanda ya mutu a ƙarƙashin tutar Nasara." Yana faɗa yana miƙa wa wani tikitin caca, firjin giya na gurnani a bayansa. Wannan fa shi ne mutumin da ya yanka rago ranar da ya ɗaga hannu ya yi wa tutar Amurka rantsuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba, kuma har yau rainin bai ragu ba.

Yaya Damata ba ta yarda ba. Ta ce, "Za su zo, ai sun san shi." Ta dafa waken shinkafa tukunya uku, ta shimfiɗa darduma har bakin ƙofa. Mutum ɗaya ya zo, Abdul-Karim, ɗan Damagaram, abokin aikina, wanda ko ganinka bai taɓa yi ba.

Muka raba izu sittin gida biyu, muka fara da hantsi. Wajen azahar aka soma ƙwanƙwasa ƙofa, uwarka ta miƙe da sauri tana gyara mayafi. Ashe matan 'yan kwamiti ne, kowace da kularta, wai mazajen sun ce a karɓo musu sadaka. Karatun ne haramun, naman kuwa halas. Na so in kore su, Yaya ta hana. Ta cika kowace kula, ta Alhaji har da ƙarin ƙwai.

Bayan la'asar muryata ta dushe, Abdul-Karim na karatu yana riƙe da maƙogwaro. Da muka kai izun ƙarshe, uwarka ta matso ta zauna. Ta ce, "Ku bar min wannan. Ni na koya masa shi a Kumasi." Ta karanta shi da ka, ba ta yi kuka ba sai da ta kai Nasi. Saukarka ta cika, Gafaru, mu uku muka yi maka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarin da uwarka ba ta gani ba. Allah Ya ba Yaya Damata da ƙanwarka Rafia haƙurin rashinka. Su kuwa 'yan kwamiti, ranar bakwai ɗinsu na nan tafe. Allah Ya sa su sami ko da mutum uku.