Ƙarshen Labarin Da Kika Bar Min, Ta-Taga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama, wadda mu 'yan ɗakin wankin ƙoda muke ce wa Ta-Taga. Ni ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, kuma na ce mata kar ta gyara min magana, ta bar ta yadda ta fito.

Ta-Taga, da ke nake. Kin san ban iya zance da mutum a bayan idonsa ba.

Ranar da aka fara kawo ni ɗakin nan, na ga jinina yana bin roba yana shiga inji, sai na runtse ido. Daga kujerar bakin taga na ji murya: “Inna, kina son labari?” Na buɗe ido na ga yarinya sa'ar 'yata, siririya, an lulluɓe ta da bargo, hannu ɗaya a miƙe da allurai, ɗayan riƙe da littafi. Na ce, “'Yar nan, ni da ake zuƙe wa jini a mayar min, wane labari ya rage?” Kika yi dariya har injinki ya yi ƙara, nas ta zo da gudu tana faɗa.

Daga ranar ban sake zaman ɗakin nan ni kaɗai ba. Kina koyar da ƙananan yara kafin ciwo ya zaunar da ke, shi ya sa muryarki ta san inda za ta tsaya. Da babban yatsa kike juya shafi, in kin gaji ki manna guntun filasta a wurin. Inji yana ta gurnaninsa, hasken taga yana tafiya a hankali daga ƙafarki zuwa tawa, ni kuwa na bar ɗakin tuni. Kin kai ni birnin da aka gina a bayan wani ƙaton kifi. Kin kai ni dajin da itatuwa ke tafiya in ba a kallonsu. Wani lokacin barci ya ɗauke ni a tsakiya, in farka in kasa gane wanne kika karanta, wanne na yi mafarki, ke kuma ki ƙi gaya min.

Mun sha musu a kan littattafan nan na yanzu. Na aljanu da ƙasashen da babu su, su kika fi so. Ni ma ina son su, don suna cire mutum daga kujera ba tare da an cire masa allura ba. Amma na gaya miki aibinsu: sunaye sun yi yawa. Sarki bakwai, kowanne da kakansa. Mai rubutun sai ya ɓata rabin littafi yana gina ganuwa, ya manta bai sa kowa a ciki ba. Mutum ya yi tafiyar wata guda, bai yi wanki ba, bai tuna uwarsa ba. Kika ce, “Inna, ke kam ko sama aka kai ki sai kin tambayi inda ake shanya.”

Na ban tsoro kuma, ai kin san ra'ayina. Muddin abin yana bayan ƙofa yana numfashi, to marubuci ya iya. Akwai wanda kika karanta, na matar da kullum take tarar da kofi ɗaya a jiƙe alhali ita kaɗai ce a gidan. Wallahi da na koma gida sai da na taɓa kofunana. Amma da aka buɗe ƙofa aka nuna mana dodon, da haƙora da yawu, sai tsoron ya zube. Na ce wannan ai maƙwabcinmu ne in ya tashi daga barci. Dattijon da ke kujerar bakin ƙofa, wanda kullum yake yi kamar ba ya saurare, ya yi dariya har ya ƙware.

Na soyayyar nan mai duhu ne muka fi faɗa a kansu. Namiji ya kulle mace a ɗaki, ya ƙwace mata waya, ya daka mata tsawa, a ce wai so ne ya yi masa yawa. Na ce a rufe littafin nan, in na ga yaron sai na ja masa kunne. Nas ɗinmu kuwa, mai son su, tana gyara min allura tana cewa, “Haba Inna, ai zai shiryu a gaba.” Ke ce kika raba mu. Kika ce mugun halin ba abin koyi ba ne, amma masu rubutun sun san yadda kewa take cin mutum, sun san jiran takun wani a bakin ƙofa. Sai na tuna marigayi mijina. A nan kin fi ni gaskiya.

Sai al'adarki, wadda ita ce ta sa na ce a kawo biro. Ba kya taɓa karanta babin ƙarshe sai kin rufe littafi a cinya kin ce, “To Inna, kawo naki.” Sai in faɗi yadda ni zan ƙare shi, sannan ki karanta na marubucin, 'yan ɗaki su yanke hukunci. Wani lokacin ya kayar da ni, wani lokacin in kayar da shi. Ni da ban san baƙi ba, kin sa na zama mai ƙare littattafai.

Na ƙarshen da muka ɗauko, labarin wani jirgin ruwa ne da ke tafiya a kan gajimare, yana ɗaukar waɗanda suka gaji. Wata mata ta shiga don ta ɗan huta, ta bar 'yarta tana barci a gida. Sai da jirgi ya yi nisa matuƙin ya gaya mata ba ya komawa baya. Ta zo bakin jirgin ta tsaya, tana hango rufin gidanta ƙanƙane a ƙasa. A nan kika manna filasta.

“Inna, kawo naki.”

Na dube ki. Fuskarki ta kumbura a ranar, numfashinki yana fita da ƙyar, kuma na san taki 'yar tana gida, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Na ce, “Bari in kwana da shi, sai zama na gaba.” Kika ce, “Kar ki daɗe fa.”

Zama na gaba na tarar da zanen kujerarki sabo, a ɗame, ba kowa. Nas ta kasa haɗa ido da ni.

Mijinki ya kawo min littafin, filastar tana nan inda kika sa. 'Yata ta ce za ta karanta min ƙarshen, nas ma ta ce, har dattijon bakin ƙofa ya ce zai gwada. Na ce a'a. Ba a karanta na marubuci sai na kawo nawa. To ga shi, Ta-Taga, saurara.

Matar ba ta faɗo ba, jirgin kuma bai juya ba, don ba zan yi miki ƙarya ba. Zama ta yi a bakin jirgin, ta kama gefen mayafinta ta fara warware zare. Tana warwarewa tana sakinsa, yana sauka ta cikin gajimare, siriri kamar yayyafi, har ya iso tagar ɗakin yarinyar. Wata tsohuwa da ke wucewa, mai ciwo, mai jan ƙafa, ta ga bakin zaren yana lilo. Ta kama, ta shiga, ta ɗaura wa yarinyar a hannu. Duk sanda yarinyar ta yi dariya, zaren ya motsa, uwar ta ji a can. Shi ke nan, nawa ya ƙare.

Na roƙi mijinki ya riƙa kawo min 'yarki ranar da ba ni da wankin ƙoda, ya ce to. Ta zo sau ɗaya har ta yi barci a cinyata, ina ba ta labarin birnin bayan kifi. Littafin yana ƙarƙashin matashina. Na marubucin, ba wanda zai karanta min shi sai ita, ranar da ta iya karatu. Kin ga ke nan kin bar min dalilin da zan ci gaba da miƙa wa nas hannu.

Allah ya ji ƙanki, Malama. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata miki kabari, ya buɗe miki taga zuwa Aljanna. Ina yi wa mijinki ta'aziyya, da mahaifiyarki, da 'yan'uwanki, da yaran ajinki, da mu 'yan ɗakin da ya yi tsit. Allah ya raya abin da kika bari, ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.