Turancin da Baba ya kai shinge

A shekarun da aka hana hawa babur a Maiduguri, da ƙafa Baba yake zuwa shagonsa na huluna a Kasuwar Kwastam. Daga gidanmu a Gwange ba wani nisa, sai dai akwai shingen sojoji a tsakani, buhunan yashi da ganguna, kuma duk namiji sai ya ɗaga hannuwa sama kafin ya wuce. Yawancin sojojin 'yan kudu ne, Hausarsu ba ta wuce "zo" da "tafi" ba. Baba kuwa yana jin Kanuri da Hausa da Larabci, amma Turanci ko na neman ruwan sha babu.

Wata rana aka yi masa tambaya bai gane ba, aka zaunar da shi gefen hanya cikin rana har azahar. Da ya dawo ya ce shi da kasuwa har abada. Mu kuwa mun san halinsa, in ya zauna a gida mutuwar tsaye zai yi. Ya koma zaure yana jan carbi, abinci ma sai an yi da gaske.

Lokacin ina karatun Turanci a jami'a. Mama ta ce da ni, "Ke da kike ta ƙona mana kananzir da karatu, ai ga ranarsa ta zo."

Na koya masa yadda aka koya mana, a kafa jimla ɗaya, a riƙa cire kalma ana sa wata. "I am going to the market," wato kasuwa za ni. A cire kasuwa a sa masallaci, a cire masallaci a sa gida. Mutumin da ya taso da hadda wannan ba ta yi masa wuya ba, har rangaji yake yi yana maimaitawa. Ina cikin jin daɗi sai ya tsaya.

"To Malama, ina gaisuwar?"

Na ce, "Baba, ba a gaisuwa a shinge. A tambaye ka, ka amsa, ka wuce."

"Mutum yana tsaye tun asuba, rana na dukansa, in zo ban ce masa sannu ba? A wane gari?"

Na yi bayani har na gaji. A kwanakin nan duk wanda ya daɗe yana magana a gaban shinge abin zargi ne, kuma mai bindiga shi ma a tsorace yake. Baba ya ce in babu gaisuwa babu kasuwa. Taurin kai dai a wurinsa na gada, amma nasa ya fi nawa tsufa. Na ba shi "How is your," ya riƙa kawo abin da za a liƙa: aiki, gajiya, mahaifiya. Na ce Turawa ba sa tambayar gajiya. Ya ce, "Ai ba Bature ba ne, ɗan ƙasar nan ne."

Da safe na bi bayansa da sunan zan sayo zare. Tsoro nake ji sosai, kuma ina jin haushinsa. Sojan da ke bakin shingen saurayi ne, ya daka masa tsawa ina za shi. Baba, hannuwa a sama, ya fara jero gaisuwarsa a nutse kamar yana ƙofar maƙwabci. Sojan ya ɗaure fuska a kan aiki, ya ɗaure a kan gajiya. Da aka zo kan mahaifiya sai ya saki fuska. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, tun da aka katse layukan waya a garin bai ji muryarta ba. Baba bai fahimci ko kalma ɗaya ba, tambayoyin kawai na koya masa ban da amsoshin. Amma ya dubi fuskar yaron ya ce, "Sai haƙuri." Sannan ya faɗi jimlarsa ta kasuwa, aka ba shi hanya.

Har yau ina ganin ganganci ne, don da wani soja ya tarar, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Amma Baba ya koma kasuwa, ya koma cin tuwonsa da faɗan an cika gishiri. Sojan nan ya riƙa kiransa Papa. Yanzu da nake koyarwa, in na rubuta misalan jimloli a allo nakan tsaya in tambayi kaina wa zai faɗe su, kuma ga wa.

Bayan wasu watanni Baba ya ji a kasuwa za a kwashe sojojin shingen zuwa daji. Ya ce in ba shi jimla ɗaya ta ƙarshe, yadda ake cewa Allah ya mayar da kai wurin mahaifiyarka lafiya. Ta fi sauran tsawo, ya sha fama da ita, yana alwala yana maimaitawa. Ranar da ta zauna a bakinsa ya sa sabuwar hula ya fita.

Da yamma ya dawo, ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Ya ce, "Ban same shi ba, Malama. An tafi da su."

Na ce, "Ayya, Baba. Duk wahalar nan."

Ya ce, "Na ba wanda na tarar. Shi ma ai yana da uwa."