Rayuwar Jibirin Mai Turken Shanu na Hillar Mato

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Jibirin a shekarar 1952 a Hillar Mato, wani ƙaramin ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki a ƙasar Sudan, a bakin kogi. Mahaifinsa Alamin manomi ne mai hawasha, wato gonar ban-ruwa, mahaifiyarsa Ruqaya kuwa ta rasu yana goye. Ya sauke Alƙur'ani a garinsu, sannan ya shafe samartakarsa yana tsinkar auduga a gonakin Wad Haddad.

Aure da sana'a

A shekarar 1978 ya auri Sakina, 'yar maƙwabcinsu, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. A lokacin fari na 1984, makiyaya suka biyo ta yankin Dinder da shanun da yunwa ta kassara, ya karɓi maruƙa biyu waɗanda ko tsayuwa ba sa iyawa. Sakina ta riƙa jiƙa musu dusa, shi kuma yana sare karan dawa yana haɗawa da harawa da angurya, har suka zama bijimai da mahauta suka yi rububinsu. Daga nan ya ware rabin gonarsa ga abu-sab'in, dawar da ake yanka wa dabbobi tun tana ɗanya, kuma tsawon rayuwarsa bai ciyar da shanunsa da abin da ba ƙasar Suki ce ta fitar ba.

Shekarun kaɗaici

Sakina ta rasu a 2011. A lokacin 'ya'yan duk sun watse neman abinci, jikokinsa kuwa Larabci kaɗai suke ji. Maƙwabta sun shaida cewa sukan jiyo shi da hantsi a bakin turke yana ba shanun labarin gona da Hausa, yana ɗan dakatawa kamar mai jiran amsa.

A damunar 2024 yaƙi ya iso yankin, jama'a suka fara gudu. Ɗansa Uzairu ya zo da mota domin ya ɗauke shi.

"Baba, ka taso, gari ya tashi," in ji Uzairu.

"Dabbar da na ɗaure da hannuna, wa zai ba ta ruwa?" in ji Jibirin. "Ɗauki matan maƙwabta da yara, ni ku bar ni."

Motar ta tafi. Ya rage shi da wasu tsofaffi da ba sa iya tafiya. Da hatsi ya ƙare, sai ya fara yanka bijimansa ɗaya bayan ɗaya yana raba musu naman, tare da masu gudun hijira da ke ratsawa. An ce duk ranar yanka shi ba ya ci.

Rasuwa

Zazzaɓi ya kama shi a ƙarshen shekarar. Da ya ji jiki ya ƙi, ya rarrafa ya kwance igiyar bijimi ɗaya da ya rage, amma bijimin bai bar gidan ba, kuma kukansa ne ya kira mutane. Tsofaffi uku suka yi masa sutura, suka sallace shi, suka binne shi a maƙabartar gabas da gari.

Ya bar Uzairu a Gadarif, Mustafa a Jidda, Lubna a Bur Sudan, da Malak a Masar. Labarin bai kai gare su ba sai bayan watanni. Allah ya jiƙansa.