Kiran Da Ya Bi Matacciyar Hanya

Wallahi wannan abu da ni ya faru, ba ji na yi ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki, kafin zuwan wayar hannu, lokacin ina aiki a ofishin tarho kusa da Titin Ibrahim Taiwo.

Bari in ɗan yi muku bayani. Kafin muryarka ta isa ga wanda ka kira, akwai wani ɗan saƙo da ke riga ta tafiya, ɗauke da lambar tashar da ya fito da ta inda za shi. Duk na'urar da ya isa sai ta duba jerin hanyoyin da muka rubuta mata ta miƙa shi gaba, in ta farko ta toshe ta bi da shi ta biyu. Na ga aikin nan a Alƙahira, na gan shi a Indiya da Jamus, ko'ina kuwa in hanyoyi suka ƙare, kira ya mutu ke nan.

To ranar, tun da safe masu haƙar kwalbati suka sare babbar wayar da ta haɗa mu da Sabon Gari, ta biyun kuma mu da kanmu muka cire ta don gyara. Bayan azahar ina zaune da abokin aikina Alhaji Rasaki, Bayaraben Fagge, sai tarhon teburina ya yi ƙara. Mama Chinedu ce, mai shagon atamfa a Sabon Gari inda matata ke sayayya.

"Malam, yi maza! Hajiya ta faɗi a shagona, jini take zubarwa, za mu asibiti!"

Innalillahi! Matata ke nan, cikin wata bakwai gare ta, jininta kuma mai wuyar samu ne, sai na ƙanenta. Na zari babur na ɗauko shi a Kwaciri, muka isa ana cigiyar jini. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri.

Washegari Alhaji Rasaki ya tare ni. "Kai Bakano, ta ina kiran nan ya shigo? Ko aljanu ka ɗauka aiki ba mu sani ba?"

Sai a lokacin na tuna hanyoyin biyu duk a mace suke jiya. Muka fitar da takardar da na'ura ke rubuta saƙonni, ga shi nan kuwa: ya fito daga Sabon Gari, ya shigo ta hanya ta biyu, shi kaɗai duk yinin. Muka je muka duba, wayar tana nan a cire tana reto, da takardar gargaɗin da na ɗaura mata da hannuna.

Da na tambayi Mama Chinedu sai ta ce ai ta san tarhon a mace yake tun safe, ruɗewa ce ta sa ta ɗauka, bugu ɗaya na amsa.

Alhaji Rasaki ya ninke takardar ya sa mini a aljihu. "Kada ka rubuta rahoto, za su ce mun zautu. Je ka gode wa Allah."

Na gode, ina kan godewa, don yarinyar da aka haifa ranar yanzu 'ya'yanta uku. Amma har yau in na tuna wayar nan tana reto sai tsigar jikina ta tashi. Ku dai in an kira ku, ku ɗaga, ba ku san me aka ratso kafin a same ku ba.