Hamsin da Ɗaya Bisa Sittin da Takwas

Malamin lissafin aji shida siriri ne, aljihunsa kullum cike da murafen kwalba, in yana tafe sai ka rantse akuya aka ɗaura wa ƙararrawa. Da murafen yake koyarwa. Ya zube goma sha biyu a tebur, yara su jera su uku-uku ko huɗu-huɗu. Ya zube goma sha uku, su yi ta fama, kullum sai an bar saura.

"Wannan lambar taurin kai gare ta," in ji shi. "Ba ta rabuwa sai da ɗaya, sai da kanta. Halin surukina ke nan."

Dokarsa ɗaya ce: amsar da ba a rage ta har ƙarshe ba, sifili. Ka rubuta biyu bisa huɗu maimakon rabi, ka sha jan biro.

Ana nan 'yarsa ta fari ta shigo ajin. Ta fi kowa kai, shi kuwa yana gudun a ce yana fifita tasa. Rannan a gaban allo lissafi ya kai ta hamsin da ɗaya bisa sittin da takwas, ta ajiye alli.

"Baba, ya ƙare. Hamsin da ɗaya ba ta rabuwa."

"Babanki yana gida, nan Malam ne. Durƙusa ki jera mana."

Ya juye mata murafe a ƙasa. Tana rarrafe tana jerawa, aji na ƙirgawa da ƙarfi ana ƙyaƙyata dariya, har layi uku suka fito, sha bakwai-sha bakwai. Sittin da takwas kuwa layi huɗu ce. Uku bisa huɗu ce amsar. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sake ɗaga hannu a ajinsa ba, ko ta kawo masa littafi a gida.

Ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a bayan layinsu. Gaisuwa ba ta yanke ba, magani ma ita ke kawo masa tun da ya yi ritaya. Hirar dai ba ta wuce "ya jiki, Baba?"

Kwanaki matarsa ta ce jikansu, ɗan 'yar tasu, ya faɗi lissafi, rage kashi ya gagare shi. Malam ya gyara zama.

"A turo min shi gobe."

"Ai uwarsa ta riga ta ɗaukar masa malami, wani matashi."

"Ina zaune? Ya ma iya kuwa?"

Matar ta ci gaba da ninke wanki.

"Ban sani ba, Malam. Ta dai ce yana da haƙuri."